An cika ful da ruwa, to sai kuma me?

An gama gini, an manna tayil, an cika ruwa, ruwan nan garau kana hango ƙasa, yara har sun fara zagaye bakin suna jiran a ce su faɗa. To a daidai nan ne yawancin masu sabon kwamin ninƙaya a gida, siwimin ful dai da bakinmu ya fi sabawa da shi, suke ɗauka aiki ya ƙare, alhali ruwan da ke ciki ɗanye ne, babu abin da ke kashe ƙwayar cuta a cikinsa, sannan baka san ko cin bangon yake yi a hankali ba ko kuwa farin dutse zai tara maka a kai. Garau ɗin nan ba ya nuna komai fa. Ruwa zai iya yin tas a ido amma asid ya yi masa yawan da zai ci ƙarfen tsani, zai iya yin tas kuma nan da kwana uku ka tashi ka tarar da shi kore shar.

Abin da masu haɗa ful suka fi faɗa in sun zo miƙa aiki kusan iri ɗaya ne, "yallaɓai ba wata wahala a ciki, ga robar nan mai yawo a kan ruwa, ka riƙa jefa ƙwaya biyu duk sati, in ya canza kala ka kira ni." Ba ƙarya suke yi ba, ƙwayar kulorin ɗin, maganin kashe ƙwayar cuta a ruwa, tana aiki, amma ni dai a ganina wannan shawarar ce take kai mutane ga zubar da rabin ruwansu bayan 'yan watanni suna ta mamakin me ya faru. Zan zo kan dalilin.

Kayan da ake zubawa a ful kashi biyu ne. Akwai masu tafiya, kulorin kenan, ka zuba yau gobe rana da datti sun cinye shi, in hannunka ya ɗan zarce ma ka yi haƙuri kwana ɗaya biyu zai sauko da kansa. Haka pH, wato ma'aunin asid a ruwa wanda iya ƙasa da ya yi iya yawan asid ɗin, yau sama gobe ƙasa, cikin awa kaɗan ake gyara shi. Akwai kuma masu zama, sitabilaiza, mai kare kulorin daga rana, da kalshiyam da gishiri, su kam kamar rini ne a farin yadi, in sun shiga sun shiga, filta ba ta tace su, in zafi ya sa ruwa ya ragu ma ruwan ne kawai ya tashi su suna nan daram. Kusan hanya ɗaya ce ta rage su, ka zubar da wani ɓangare na ruwan ka ƙaro sabo, kuma zubar da ruwan ful ba abin wasa bane, ful ɗin da aka ƙera da faiba in aka kwashe shi ƙaf ruwan ƙarƙashin ƙasa zai iya ɗago shi ko ya lanƙwasa bangon, mai shimfiɗar roba kuma robar ta ƙanƙance ta yi tattara. Shi yasa duk abin da ke kashi na biyu ƙasa da lissafi ake zuba shi, a jira, a gwada, sannan a cike ragowar.

Kafin ka yage ko leda ɗaya sai ka san lita nawa ful ɗinka yake ci, don duk lissafin a kan wannan ya hau. Tsawo sau faɗi sau matsakaicin zurfi, da mita, abin da ya baka ka ninka sau 1,000. Mai tsawon mita 8 da faɗin 4, gefe ɗaya zurfin mita 1 ɗayan 1.8, matsakaicinsa 1.4 kenan, zai baka lita 44,800, ka ce 45,000 kawai, da shi zan riƙa misali. In naka mai lanƙwashe-lanƙwashe ne ka duba mitar ruwa kafin a fara cikawa da bayan an gama, ya fi maka kowane lissafi. Sai ppm da zaka riƙa gani a jikin kowane mazubi, kada ya tsorata ka, giram 1 a cikin lita 1,000 shi ne 1 ppm. A ful ɗin misalinmu giram 45 na zallar abu ke ɗaga shi da 1 ppm, shikenan.

'Yan takardun gwajin nan da ake tsomawa a ciro a kara da jikin kwalba ba laifi don leƙawar yau da gobe, amma a watan farko ban yarda da su ba, kalar 7.4 da ta 7.8 sai ku yi ta musu da mutanen gida kowa da abin da idonsa ya gane masa. Ka nemi kit mai ɗigo, wanda ake ƙirgawa har kala ta juya. Na kulorin mai kyau zaka ga an rubuta FAS-DPD a jiki, ka ɗebi ruwa mililita 10 ka sa ɗan garin ya yi jaja-jaja, sai ka riƙa ɗiga ɗayan maganin kana jujjuyawa har ya koma fari tas, kowane ɗigo 0.5 ppm ne, ɗigo shida 3 kenan, babu gardama. Na alkaliniti, abin da ke riƙe pH kada ya riƙa tsalle, daga kore yake komawa ja, na kalshiyam daga ja zuwa shuɗi, a ruwa mililita 25 kowane ɗigo 10 ppm. Kuma ba ruwan sama-sama ake ɗiba ba, ka nutsa hannu har gwiwar hannu, nesa da bakin da ruwa ke dawowa daga inji.

Gwajin farko ma ba na ful bane, na ruwan da zaka cika shi da shi ne. Na famfo daban, na rijiyar burtsatse daban, wanda tanka ta kawo baka ma san daga ina aka ɗebo ba. Wani ruwan yana zuwa da alkaliniti 250 da kalshiyam ɗinsa cike, wani kuma kusan babu komai a ciki, to ta yaya za a ce mutum biyun nan su zuba kaya iri ɗaya? Kuma da wannan ruwan zaka riƙa cike gurbi duk shekara, halinsa zai riƙa bin ful ɗin.

Wani abokina da ruwan burtsatse ya cika nasa, ruwa fes abin sha'awa, da yamma ya antaya kulorin ya shiga ciki. Da safe ya fito ruwan ya koma kalar tsatsa, fararen matakalan nan duk sun yi zane ja-ja. Ya ɗauka ƙazanta ce sai ya ƙara kulorin, abin ya ƙara dagulewa. Ƙarfe ne narke a cikin ruwan, ido ba ya ganinsa sai kulorin ya taɓa shi ya mayar da shi tsatsa. Kuma gane shi tun kafin a cika abu ne mai sauƙi wallahi, farin bokiti ka cika da ruwan ka zuba ɗan bilic ka ajiye, in bayan ɗan lokaci ya yi rawaya-rawaya ko ƙasa-ƙasa to akwai ƙarfe, sai ka zuba maganin riƙe ƙarfe tun ana cikawa, kafin kulorin ya shiga. Maganin ba fitar da ƙarfen yake yi ba, riƙe shi yake a narke kada ya manne a bango, kuma yana ƙarewa sai an riƙa ƙarawa. Yadda zaka bambanta kuwa, koren gansakuka yana zuwa da hazo-hazo bango ya yi santsi, na ƙarfe ko tagulla ruwan garau yake sai dai kala, kuma nan take bayan kulorin yake bayyana.

In ful ɗinka na faiba ne ko mai shimfiɗar roba ka huta da yawa, kana iya tsallake sakin layi biyun nan. In kuwa siminti ne da aka yi wa filasta, to watan farko na filastar ne ba naka ba. Tana ci gaba da ƙanƙamewa a ƙarƙashin ruwa, tana fitar da kalshiyam haidirokzaid, shi kuma yana tura pH sama, ka sauke shi da safe zuwa washegari ya sake haye 8, ba wai wani abu ya lalace ba, halin sabuwar filasta kenan. Abin da ya fito ɗin shi ke komawa farar ƙurar nan da zaka gani kwance a ƙasa, in aka bar ta sai ta daskare ta zama kaushi da dabbare-dabbare wanda buroshi ba zai ƙara ɗaga shi ba. Tun daga cikawa ma akwai ƙa'ida, a ɗaura tsumma mai tsabta a bakin tiyo a ajiye shi a wuri mafi zurfi, kuma da an kunna ba a kashewa har ruwa ya kai tsakiyar bakin sikima, ramin nan na jikin bango da ke zuƙar ruwan sama zuwa filta, ko da tsakar dare ne. In aka tsaya a rabi, layin da ruwan ya tsaya zai bar zobe a bangon, kullum kana zaune kana kallonsa.

Ƙungiyar masu aikin filastar ful ta Amurka, National Plasterers Council, tana da tsarin kwana 28 da masu wannan sana'a da yawa suke bi. Inji ya yi ta juyawa ba tsayawa na awa 72 na farko, a goge ko'ina da buroshi sau biyu a rana har ƙurar ta ƙare, kada a sa kulorin sai bayan awa 48, kada a kunna hita sai ƙura ta tafi, gishirin masu injin ƙera kulorin da injin share ƙasa mai taya kuma su jira kwana 28. Gugar nan ita ce mutane suke wa ha'inci don akwai gajiya, kafaɗa sai ta gaya maka. Ka fara daga bango ka gangara ƙasa, daga wuri marar zurfi kana turawa zuwa magudanar da ke can ƙasa, zaka ga farin abu yana tashi gaban buroshin ruwan ya dushe, kada hankalinka ya tashi, so ake ya tashi filta ta kama shi. Ranar farko ka rubuta inda allurar agogon filta ta tsaya, in ta haura da 8 zuwa 10 psi, ma'aunin matsin ruwa da agogon ke nunawa, a kan wannan to ta cika sai wanki, kuma a satin farko da wuri take cika.

Yanzu zubi. Alkaliniti ake fara dubawa don shi ke riƙe pH kada ya riƙa tsalle, in ya yi ƙasa ɗan asid kaɗan sai ya wurgar da pH, in ya yi yawa kuma kullum pH na hawa kai kuma kana binsa da jarkar asid. Tsakanin 80 da 120 ppm ake so. Abin ɗaga shi sodiyam bikabonet ne, bekin soda dai, ko da wane suna aka rubuta a jikin ledar, giram 17 a kowace lita 1,000 yana ƙara 10 ppm, wato ful ɗinmu in yana 50 ana son 80 kusan kilo 2.3 zai ci. Saukar da shi ne mai ɗaukar lokaci. Asid ɗin ful mai ƙarfin kashi 31 cikin ɗari, kusan mililita 900 ke rage 10 ppm a lita 45,000, amma yana jan pH ƙasa tare, don haka ba a antayawa gaba ɗaya. Ka sauke pH zuwa wajen 7.2, sai ka juya bakin ruwan da ke dawowa ya kalli sama yana fantsama, ko ka kunna 'yar ƙoramar ado in kana da ita, iskar kabon dayokzaid ta fice daga ruwan pH ya hau da kansa ba tare da alkaliniti ya biyo shi ba, sai ka sake sa asid, haka haka har ya sauko. Kuma ni bana ganin amfanin bin lamba ido rufe, mai amfani da kulorin na ruwa wajen 80 ya fi masa zaman lafiya, mai ƙwaya kuma ya matsa sama don ƙwayar kanta asid ce.

Shi pH tsakanin 7.2 da 7.6 ake nema. Dalili, kulorin a cikin ruwa siffa biyu yake ɗauka, mai kisa da sauri da mai sanyin jiki, a 7.5 kusan rabi da rabi suke, in aka kai 8 mai ƙarfin bai fi kashi ɗaya cikin huɗu ba, ga farin dutse ya samu ƙofa. In ya faɗi ƙasa da 7 kuma sai ya koma cin filasta da ƙarfe da bututun cikin hita. Duk abin da ka zuba ka bar inji ya juya shi wasu awanni kafin ka sake gwadawa, masu gwadawa bayan minti goma su ne ke ƙara zubi a kan zubi. Kuma in kulorin ya wuce 10 ppm gwajin pH ƙarya yake yi, zai nuna maka sama alhali ba haka bane, ka bari ya sauko tukuna.

Kalshiyam na cikin masu zama, a yi masa a hankali. Ruwan da bai da shi nemo shi yake a jikin filasta da simintin tsakanin tayil, sai ka ga wuri ya yi ramuka ƙanana. Ful mai filasta 200 zuwa 400 ake so, amma tunda sabuwar filasta da kanta tana zubo nata a makonnin farko, ka kai shi wajen 150 ka tsaya, ƙarshen wata ka sake gwadawa ka cike zuwa 200 ko sama kaɗan. Na faiba da na roba basu damu da shi haka ba. Kalshiyam kulorayid ake sawa, mai ɓarɓashin nan na kashi 77 cikin ɗari wajen giram 15 a lita 1,000 yana ƙara 10 ppm, kaga daga 100 zuwa 200 a ful ɗinmu ya haura kilo 6 da rabi, ba a zuba wannan rana ɗaya. In ka narka shi a bokiti zaka ji bokitin ya ɗau zafi sosai har baka iya riƙe gindinsa, don haka ruwa da yawa gari kaɗan. Kada kuma ka zuba shi rana ɗaya da bekin soda, haɗuwarsu ce ke sa ful ya wayi gari fari fat.

Akwai wani lissafi da ke haɗa duk waɗannan wuri guda, wani masanin kimiyyar ruwa na jami'ar Kalifoniya da ke Bakli, Wilfred Langelier, ya fitar da shi a 1936, asali ma don bututun ruwan sha ya yi shi, masu ful suka ara. Ana kiransa LSI. Ka ba shi pH da alkaliniti da kalshiyam da zafin ruwa da yawan abin da ke narke a ciki, ya baka lamba ɗaya, in ta yi ƙasa da -0.3 ruwan ci yake, in ta haura +0.3 tara dutse yake. Akwai manhajojin waya da ke yi maka, baka buƙatar biro. Amfaninsa shi ne zaka ga lamba ɗaya ita kaɗai bata yanke hukunci, kalshiyam 400 a ruwa mai pH 7.3 lafiya lau ne, shi ɗin dai a pH 8 da ruwa mai ɗumi matsala ce.

To ga maganar ƙwaya da na ce zan dawo kanta. Hasken rana yana ƙona kulorin, ful da ke fili babu sitabilaiza cikin awa biyu uku na rana mai ƙarfi mafi yawansa ya tafi. Sitabilaiza, wato sayanurik asid, CYA zaka gani a rubuce, shi ke riƙe kulorin ɗin ya ɓoye shi daga rana yana sakinsa kaɗan kaɗan. Abu mai kyau. Matsalar ita ce riƙon nan da ke kare shi shi ne kuma ke rage masa ƙarfi, iya yawan sitabilaiza iya sanyin kulorin. A 30 zuwa 50 ppm an samu daidai. A 100 ko 150 kuwa zaka gwada ka ga kulorin 2 ko 3 kamar yadda takarda ta ce, amma gansakuka na tsirowa a gabanka, don abin da ke aiki a cikin 3 ɗin nan ɗan mitsitsi ne. Shi yasa hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, take cewa kada kulorin ya gaza 1 ppm, in da sitabilaiza kuma kada ya gaza 2, masu kula da ful nasu na gida da yawa ma da kaso suke bi, kulorin kada ya faɗi ƙasa da wajen kashi 7.5 cikin ɗari na sitabilaiza, mai 40 ya riƙe 3, mai 100 sai 7.5.

Ita ƙwayar kuwa, tirayikulo sunanta, fiye da rabin nauyinta sitabilaiza ne. Duk 10 ppm na kulorin da ta baka sai ta bar maka 6 ppm na sitabilaiza. Ƙwaya ɗaya mai giram 200 a ful ɗinmu tana ba da kulorin wajen 4 ppm da sitabilaiza kusan 2.4, kulorin ɗin ya tafi cikin kwana biyu, ɗayan ya zauna. Ka ɗauka ful na cin 2 ppm a rana, a wata sitabilaiza ya ƙaru da 36, wata uku ka haura 100 ko da daga sifili ka fara, to ina ga wanda aka zuba masa 50 tun ranar farko sannan aka miƙa masa bokitin ƙwaya. Garin daikulo ma ya fi, 9 yake bari a duk 10. Kalshiyam haifokulorayit ba ya kawo sitabilaiza amma yana kawo kalshiyam, wajen 7 a duk 10, wani mai zaman kenan. Na ruwa, sodiyam haifokulorayit, shi ne abin da yake bari bai wuce ɗan gishiri ba, mai ƙarfin kashi 12.5 cikin ɗari kusan mililita 360 ke ba ful ɗinmu 1 ppm, lita ɗaya da 'yan kai ta kai ka 3. Aibinsa nauyin ɗauka, ga shi kusan kullum sai ka zuba, kuma in ya daɗe a ajiye cikin zafi ƙarfinsa raguwa yake. Duk da haka ni shi na zaɓa na yau da kullum, ƙwaya kuma na bar ta sai zan yi tafiya. In kai ƙwayar ta fi maka sauƙi ba laifi, amma to kada ka zuba sitabilaiza da yawa a farko, ka bar ta ta tara maka, kana gwadawa duk wata, in ya kai 50 ka ajiye ta.

Zuba sitabilaiza ma da salonsa don ba ya narkewa da wuri. 30 ppm a lita 45,000 kilo 1.35 ne, ka fara da kilo 1. Ka ɗura shi a tsohuwar safa ka ƙulle ka rataye gaban bakin da ruwa ke dawowa, kada ta jingina da bango, lokaci lokaci ka zo ka matsa ta zaka ga farin abu yana fita, har ta zama fanko. Kada ka watsa shi a ƙasan ful, asid ne, zai zauna ya ɓata wurin. Kuma yana iya ɗaukar kwanaki har sati kafin gwaji ya nuna shi duka, anan ne mutum ke cewa bai kama ba ya ƙara wani kilon. Gwajinsa ma abin dariya ne, wata 'yar kwalba ce mai baƙin ɗigo a gindi, ka haɗa ruwa da maganin ya yi fari-fari kana tsiyayawa a ciki kana leƙawa ta sama har ɗigon ya ɓace, inda ruwan ya tsaya nan ne lambarka. A waje ake yi da rana, ka juya mata baya, kwalbar a daidai ƙugu, in ka yi a cikin ɗaki wata lamba daban zaka samu.

Dan Allah maganar haɗa kayan nan kada a yi wasa da ita. Asid da kulorin in sun haɗu iskar kulorin suke fitarwa, mai shaƙe mutum. Ƙwaya da garin kalshiyam haifokulorayit duk sunansu kulorin amma in suka haɗu a mazubi ɗaya da ɗan danshi wuta ce ko fashewa, ko ludayin awo kada su yi tarayya. Kullum magani ake zubawa a cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan magani, balle asid. Safar hannu da tabarau, ka tsaya iska na kaɗawa daga bayanka, inji na aiki, abu ɗaya a lokaci ɗaya. Kada a jefa ƙwaya a kwandon sikima, in inji ya tsaya tana ci gaba da narkewa a wuri ɗaya, da an kunna ruwan asid ɗin nan ya bi ta cikin inji da hita. Ma'ajiya kuma busasshiya mai iska, asid can kulorin can, a kulle saboda yara.

Yaushe za a shiga? In kana ganin magudanar wuri mafi zurfi sarai, pH na cikin iyaka, kulorin ya zauna inda ake so. In kana son tabbatarwa babu abin da ke cin kulorin a ɓoye, ka gwada bayan faɗuwar rana ka sake gwadawa da asuba kafin ta fito, in abin da ya ragu bai wuce 1 ppm ba ruwanka lafiya, in ya wuce to akwai abin da ke girma a ciki ko da baka ganinsa, sai ka ɗaga kulorin ka riƙe shi a sama har gwajin ya daidaita. Warin nan mai hawa kai da jan ido da ake cewa kulorin ya yi yawa, yawanci ba haka bane, kuloramin ne, abin da ke samuwa in kulorin ya haɗu da gumi da fitsari, kit ɗin FAS-DPD yana auna shi daban kuma ba a so ya wuce 0.5. A watsa ruwa kafin a shiga, a riƙa fitar da ƙananan yara zuwa banɗaki, rabin matsalar ta tafi.

Masu injin gishiri kuma, ful ɗinku ma na kulorin ne, injin ne kawai ke ƙera shi daga gishirin da wutar lantarki, saboda haka duk abin da aka faɗa a sama ya hau kanku, kuma kafin injin ya fara aiki da kulorin na ruwa zaku riƙe ful ɗin. Yawancin injinan wajen 3,000 zuwa 3,500 ppm suke so, ka duba littafin naka. A lita 45,000 wannan ya kai kilo 135 zuwa sama da 155, kuma ruwan da ya yi wata ana zuba masa kulorin da asid ya riga ya tara wani gishirin, don haka ka gwada tukuna, ka zuba kashi uku cikin huɗu na abin da lissafi ya baka, ka bi shi da buroshi kada ya kwanta a kan filasta, injin juya ruwa ya yi awa 24 injin gishirin kuma yana a kashe, sannan ka sake gwadawa ka cike.